Kunu a Lagireto

Daren Laraba, watan Sha'aban, Rano

Har yanzu zuciyata tafasa take yi. Da jan ruwan sanyaya inji a lagireto na sayo motar nan daga Kwatano. Yaya Sale, wan matata, ya are ta zuwa suna a Nariya, ya tuttula kore a kan jan, ya cike da ruwan rijiya, bai faɗa mini ba. Yau ta mutu a hanyar Kibiya, ga Inna a ciki ba lafiya. Bakanike ya buɗe, ruwan ya yi kauri kamar kunu. Sai an wanke tas an mayar da jan.

Na tunkari Yaya Sale, wai, "Haba ƙanena, ai ruwa ruwa ne."

To! Gobe in ya zo, kunu zan zuba masa a buta ya yi alwala.