Ashe Baba Yana Kwance da Bashi?

Zuwa ga Mai Girma Manajan Ofishin Rancen Gina Gida, Kano.

Ranka ya daɗe, bashin da aka yafe a gaban gawa yana sake tashi ne? Wallahi tambaya nake, ba rashin kunya ba ne.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Isiyaku Dauda, daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ban daɗe da zuwa Kazaure ba, masinja nake a wani ofis. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga kuskure ka yi haƙuri. Na ba jarida wasiƙar nan ne don na zo Kano, na sake zuwa, kullum mai gadi sai ya ce Manaja yana mitin.

Na farko. Da aka yi ƙarin albashin nan, aka ce kuɗin man fetur ya zo, ko masinja zai iya neman rancen gini, sai na nema. Mai unguwa ya yanka mini fili a gindin dutse, na buga tubalina da hannuna. Kwano da katako da ɗan siminti kawai nake so, ɗaki biyu, in ɗauko Inna, mahaifiyata, don ɗakinta na ƙauye ya tsage. Sai akawunku ya ce ba za a ba ni ba, wai sunana yana cikin waɗanda suka ci bashin ƙungiyar manoma ba su biya ba.

Na biyu, bari in faɗa maka yadda abin yake. Bashin na shanun huɗa ne. Baba ne ya so su, amma dattijo kamarsa ba zai je ya tsaya a layi neman rance tare da sa'o'in 'ya'yansa ba. Ni ne babban ɗansa, kuma shekarar na fara biyan haraji, sai ya tura ni na dangwala. Aka ba mu bijimai biyu da garma, fam arba'in.

Ranka ya daɗe, da ka ga shanun nan! Ɗan Ja da Gajere. Gajere malalaci ne, in ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya waiwayo yana kallon Baba, sai Baba ya ce masa, “To Alhaji, a yi haƙuri, saura kaɗan,” sannan ya juya. Ni ke jan igiya, Baba na riƙe da garma, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko. Inna ta kawo mana kunu a ƙwarya, mu zauna gindin gawo. Gyaɗar da muka samu shekarun nan ban sake ganin irinta ba. Gidanmu har dare ƙamshin ƙuli-ƙuli yake, yaran maƙwabta suna leƙe ta kan danga. Da kaka Baba ke sa babbar rigarsa ya kai kuɗin da kansa, don ya ce karɓa ce abin kunya, biya ba kunya. Mun biya rabi.

Sai fari ya zo. Ɗan Ja ya kwanta bai tashi ba. Gajere muka sayar muka sayi gero, kuɗinsa bai kai mu ko'ina ba. Baba bai ga daminar da ta biyo baya ba.

Na uku, kuma nan ne kaina ya ɗaure. A wajenmu ba a sallatar mutum sai an tambayi bashinsa. An shimfiɗa Baba a ƙofar gida, liman ya juyo ya ce duk mai bin Malam Dauda bashi ya yi magana. Mai goro ya faɗi nasa, Kawu Sale ya biya nan take. Sai Malam Habu, malamin ƙungiyar, wanda ya kawo mana shanun, ya ce yana share ido, “Na shanu an yafe. Allah Ya ji ƙan Malam.” Duk sahu an ji. Sannan liman ya ta da kabbara. Inna ta ji daga cikin gida, ta ce alhamdu lillahi, mijinta ya tafi ba nauyin kowa.

Yanzu akawunku ya ce Malam Habu ba shi da ikon yafe kuɗin hukuma. Wai ma fam ashirin ɗin ta zama naira sittin da wani abu, har da ruwa. Ni ban ga laifin Malam Habu ba, tausayi ne ya kama shi, kuma shi ma ya rasu. Amma in bai isa ya yafe ba, wa ya isa? Me ya sa ba a aiko kowa ya gaya mana ba? Da mun sayar da gonar fadama mun biya. Akawu ya ce ai sunana ne a takarda, ba na Baba ba. To, yatsan nawa ne, amma kowa a garinmu ya san bashin Baba ne, shi ma haka ya ɗauke shi har ya bar duniya. Ke nan tun ranar yana kwance da bashi a kansa, mu muna nan muna barci?

Ga roƙona. A yanki kuɗin nan daga albashina duk wata har ya ƙare, a fara da wannan watan, ko ba a ba ni rancen ba. In ya ƙare a ba ni takarda mai hatimi, a sa sunan Baba, in kai wa liman ya karanta a masallaci. Bayan haka, in da hali, a duba maganar kwanon, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, tubalin kuwa na ƙasa ne, a fili yake.

Allah Ya ja zamaninka, Ya raya maka zuri'a, Ya ji ƙan magabatanka, Ya sa kai ma ka bar duniya ba hakkin kowa a wuyanka.

Zan tsaya nan, motar Gwiwa ta kusa cika, yaron mota yana ta kira. Inna ta aiko in zo in gaya mata ranar tashi, har ta raba wa maƙwabta kajinta. Zan ce mata ginin ne ya ɗan tsaya. Maganar Baba kuwa ba zan iya faɗa mata ba sai na fara biya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku Dauda, Kazaure.