Motar Baba Tana Fito, Ni Kuma Ba Zan Cire Turbo Ba

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya ishe ni.

Ni makanike ne a wani ƙauye kusa da Shanono. Muna da tsohuwar a-kori-kura ta Babanmu, ita ke kai mana dawa da gyaɗa kasuwa, har da na maƙwabta. Da an yi mata lodi sai ta kama nishi, mai keke ma ya wuce mu. Na gaji da dariyar mutane, na samo turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, na ɗaura mata, na cire ƙwaƙwalwarta ta asali na sa wadda ake saitawa da kwamfuta. Ni kaɗai na koyi yadda ake ƙara matsin iskar da turbo ke tura wa inji. Yanzu in na taka ta sai ka rantse sabuwa ce.

Matsalar ita ce turbo yana fito, haka aka ƙera shi. Baba kuwa limami ne, tun muna yara wanda ya yi fito a gidanmu sai ya sha bulala, wai kiran shaiɗanu ne. Ran nan na dawo daf da magariba, motar ta shigo tana fito, masu alwala duk suka ɗago kai. Na je yin bayani na ce iska ce kawai na ƙara mata, Gwaggo Hure ta dafe ƙirji, wai da bakina na faɗa motar tana da iska, har addu'a ta tofa mata. Baba ya ce ko in cire turbon kafin kaka, ko in miƙa makulli ga yayana Kamaruddeen, wanda ko fulogi bai iya canzawa ba.

Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba zan cire ba. Ina ma shirin ƙara matsin don su ga aiki. Akwai wata 'yar ƙara da nake ji in na hau tudu da lodi, kamar tsakuwa a gwangwani, amma ba komai ba ce. Yaya zan ganar da Baba?

Wanda Ba A Yaba Wa, Shanono

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi ƙoƙari, ni na yaba maka, kuma fiton turbo ba ya kiran kowa. Amma ƙarar da ka ce ba komai ba ce, ita ta tayar mini da hankali. Inji ne ke gaya maka matsin ya yi masa yawa, balle in man 'yan bumburutu kake sha. Ka maido da matsin ƙasa, ka sa wa ƙwaƙwalwar iyakar da za ta yanke da kanta, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana saurare. In ƙarar ta ƙi tafiya, ka kai wa ƙwararren mai saiti a Kano.

Sannan motar ta Baba ce, kuma ban ga inda ka ce ka nemi izininsa ba. In inji ya buga a hanya da buhunan maƙwabta, ba kai za a nuna da yatsa ba, liman za a nuna. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa ka ba shi haƙuri tukuna, bayani ya biyo baya. Ka yi masa alkawarin shigowa gari a hankali, tunda sai an taka yake fito. In duk da haka ya ce a cire, ka cire da hannunka. Ilimin yana kanka, wata rana za ka ɗaura turbon a motarka, amma uba ba a sayo shi a kasuwa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa albarka a sana'arka.