Kayen Ƙarshen Shekara

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gajiyar hidima, yaya jikin 'yarmu, yaya kuma sabon angon naki da ya ƙwace mini ke tun bai buɗe ido ba? Nan lafiya lau, sai kewa.

Kin san jiya ce ranar kokawarmu ta ƙarshen shekara, wadda nake tuɓe riga in kama da wanda ya fi ƙarfi cikin ɗalibaina masu fita. Tun da na fara koyar da kokawa a makarantar nan ban taɓa fashinta ba, kuma ba yaron da ya taɓa kai ni ƙasa. Bana Turmi aka fitar, gajeren nan mai wuya kamar na bijimi. Ɗakin motsa jiki ya cika har tagogi, shugaban makaranta yana zaune a gaba. Kin tuna ya ce zai nemo mini ƙarin shekara biyu maimakon ritaya, tunda har yanzu ni ke kayar da yara.

To, na kayar da Turmi, aka yi ta tafi. Amma hannuna ya ji abin da 'yan kallo ba su gani ba. Na kama ƙugunsa, na kai ƙafa zan taɗe shi, kafin ƙafar ta isa sai na ji ya saki jikinsa. Da kansa ya faɗi, Maman yara. Na tsufa a sana'ar nan, na san bambancin wanda aka kayar da wanda ya kwanta. Ana ɗaga hannuna ina murmushi kamar wawa, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Shugaba yana jiran amsata kafin a rufe makaranta.

Ki gaishe da mutanen gidan duka.

Naki,
Malam

*

Maman yara,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, mai jego tana ƙara samun ƙarfi. Wasiƙarki ta iso, zan zo kanta.

Kafin ta iso na ritsa mataimakina a sito, inda muke jibge katifun kokawa. Kin san shi, yaron da na koyar da hannuna kafin ya dawo ya kama aiki tare da ni. Na tambaye shi abin da Turmi ya yi. Ya fara kame-kame, wai katifar ce ke da santsi. Da na ƙura masa ido sai ya zauna ya rufe fuska. Ashe abin ba na bana ba ne. Tun shekarar da aka yi mini aikin gwiwa ake yi, kuma shi ne na farko da ya faɗi. Masu fita suna bar wa na bayansu kamar gado. Har atisaye suke yi a bayan sito in na tafi gida: ɗaya ya rataya usur ya riƙa ɗingisawa, wai shi ne ni, ɗayan ya koyi faɗuwa yadda ba zan gane ba. Laifin Turmi kawai bai iya ƙarya ba.

Sai kuma ga wasiƙarki. Na ɗauka za ki yi mamaki, ashe ke kika je wurin mataimakin nawa a waccan shekarar, yana ɗalibi, kika roƙe shi kada ya ƙarasa miki gwiwar mijinki. Kin rubuta cewa, "Malam, na ce ka bari ka ƙi, ni kuma tsoro nake ji." Gaskiya ne, kin ce in bari. Amma da kin bar ni na ji a jikina, ai jiki magayi.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Cika bakin da na yi. A ɗakin malamai ba wanda ban ishe shi da labarin kayena ba. Mijin 'yarmu ma ranar da ya fara zuwa gaishe ni sai da na sa shi ya taɓa damtsena, kina zaune kina kallo. Yanzu duk wanda na tuna ya yi mini dariya, sai in tambayi kaina ko ya sani. Mai gadi ya ɗaga hannu ya ce mini "Zaki!" kamar kullum, na wuce da sauri. Kwanan nan ta ƙofar baya nake shiga.

Ina jin haushinki ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Duk da haka ki riƙa shan maganinki a kan lokaci.

Mijinki,
Malam

*

Maman yara,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. A shafa mini kan yaron. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

Shekaranjiya na tara yaran, na aika aka kira shugaba da duk malamin da ke kusa, na sa aka buɗe ƙofofi. Na ce a sake kokawar. Turmi ya ƙi, ya ce shi ba zai ɗaga ubansa ya buga da ƙasa ba. Na ce masa a kokawa ba zagin da ya kai ka faɗi wa mutum da gangan, in kuwa da gaske ni na koya masa, ya nuna wa mutane abin da na koya masa. Mataimakina ya hura usur.

Ban san yadda aka yi ba. Na kai hannu, sai kawai na ga fitilun rufi. Kamun ƙugu ne mai kyau, ba inda zan gyara masa. Amma kaina bai bugi katifa ba. Yaron ya bi ni har ƙasa ya tare ƙeyata da tafin hannunsa, kamar mai kwantar da jariri. Ba wanda ya tafa. Shi ke kuka, ni na kwanta ina kallon sama, na kasa tashi sai da aka kama ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan hannun ba, kuma ban taɓa alfahari da ɗalibi kamar haka ba.

Na gaya wa shugaba ba na son ƙarin shekarun, ya ba mataimakina wurin. Ya ce in sake tunani, na ce na gama.

Ban huce da ke ba tukuna, amma in sun iya ba da aronki ki dawo, a kusa zan fi saurin hucewa. Yau da safe na zauna a bakin gado na daɗe ina kallon takalmina, na kasa sunkuyawa in ɗaura igiyar.

Mijinki har kullum,
Malam