Cajin Motar Auta a Garejina

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta kawo motar nan da ake soka wa waya kamar dutsen guga. Na ɗaga bonet, ba inji, ba warin mai, wai wurin ajiye jaka ne. Tir. Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙi, ban taɓa ganin raini irin wannan ba.

Gareji ɗaya ne a gidan, tsohuwar motata ce a ciki, ita kuma Auta wurin take so. Mun yi sharaɗi. Sati biyu zan sa wa mita ido, ita ta riƙa jan doguwar waya ta taga. In caji ya fi mai tsada, tata ta zauna a titi. In ya fi araha, a sayar da tawa. Ta ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce ba da bakina na faɗa ba?

Motar tawa ce fa ta kai uwarta asibiti ranar da aka haife ta. Ko kunya babu.

Talata, 4 ga Maris
Na sayo alli. Kullum da safe zan rubuta lambar mita a bango. Mai sayar da katin wuta ya ce kuɗin yunit bakwai shi ne kuɗin lita ɗaya. To, yanzu aka yi magana. Lita na sani.

Alhamis, 6 ga Maris
Yunit ashirin da takwas a kwana ɗaya! Lita huɗu cif, kuma wurin aiki kawai ta je ta dawo. Tawa da lita uku take wannan hanyar, har da tsayawa gaisuwa. Na nuna wa Auta bangon. Ta ce, "Baba, ai da wutar gidan duka ka haɗa." Wace wutar gida? Ƙwan lantarki huɗu da firji?

Asabar, 8 ga Maris
Ta turo mai gyaran wuta ya koya mini lissafi. Wai in duba mita kafin a soka, in sake dubawa bayan an cire. Na ce masa ni na yi dakon turakun wutar unguwar nan tun ubansa bai yi gemu ba. Ya sha ruwa ya tafi.

Talata, 11 ga Maris
Auta ta yi tafiyar aiki da motarta, sai Juma'a. Mita za ta huta.

Laraba, 12 ga Maris
Ashirin da biyu. Ba mota a gidan.

Alhamis, 13 ga Maris
Ashirin da biyu kuma. Na zaga bayan gida ina neman wayar mai satar mini wuta, har na yi wa tela maƙwabcina kallon banza ta katanga, bawan Allah yana ta gaishe ni. Na dawo na bi ɗaki ɗaki ina kashe abu ina leƙa mita. Fanka ba ita ba. Firji kaɗan. Da na kashe hitar banɗakina, jar fitilar mita ta daina rawar jiki.

Hitar da nake bari a kunne wuni guda don ruwan gasa gwiwa. Ashe ɓarawon yana sanye da rigata.

Motarta yunit shida take ci ke nan. Ko lita ɗaya bai cika ba. Tir da wannan lissafi.

Juma'a, 14 ga Maris
Ta dawo. Ba ta karanta bangon, abin da na faɗa shi take ɗauka. In na yi shiru, shi ke nan. Na yi shiru.

Lahadi, 16 ga Maris
Na kira ta gareji, na nuna mata shida da ashirin da biyu. Ba ta yi dariya ba, gara ma da ta yi. Ta ce, "Baba, a bar maganar sharaɗin nan, ka bar motarka." Na ce ni za a yi wa alfarma? A gidana?

Alhamis, 20 ga Maris
Dogo makanike ya zo ya ja motata, za a sayar. Na gaya masa sai an taka totur sau biyu kafin a murɗa makulli, ya ce ya sani. Bai sani ba. Ban fita ƙofa ba.

Na kankare baƙin man da ke ƙasa, don kar wani ya zame.

Auta ta shigo da waya a kunne, ta manta ba ta soka caji ba. Na soka mata, kar gobe ta makara a ce ni ne. Shiga dai ba zan shiga ba. Zuwa asibiti ranar Laraba, wannan daban, gwiwa ce.