Dutsen da Ya Faɗa wa Motar Sani

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina aiki, ina zaman Kwatano? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Akwai labarin da ƙanenmu Sani ya kasa faɗa maka. Ranar kasuwar Kore Mairuwa yana dawowa da fasinja cikin motar da ka bar masa, sai wata babbar mota ta sha gabansa, ɗauke da lodin duwatsun gini ba a rufe ba. Ɗaya ya faɗo ya tarwatsa gilashin gaba. Jini na zuba a fuskarsa, amma bai saki sitiyari ba sai da ya tsaya gefen hanya. Fasinja duk sun tsira. Mai duwatsun ko tsayawa bai yi ba.

Da na je dubiya asibiti, na iske an ɗaure masa ido ɗaya. Ya ce mini, "Hajo, da wane baki zan gaya wa Yaya na lalata masa mota?"

Don Allah ka kira shi, ka fara tambayar idon kafin motar. Ku sa shi cikin addu'a. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙanwarka,
Hajo