Ni na fasa wa ɗana haƙori, kuma ɗalibata ta gane

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Mai kula da zaure, don girman Allah a sakaya sunana, in ya fita na gama yawo a garin nan. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanci zagin, amma in ya gama ya gaya min abin da zan yi kafin ranar Litinin.

Ni malami ne a wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Dutse, ɓangaren haƙori. Darasina shi ne rigakafi, wato yadda za a kare bakin yaro tun kafin ya lalace. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina nanata wa ɗalibai abu ɗaya, a goge wa yaro baki safe da dare, man goge bakin kada ya wuce ƙwayar wake, asuwaki ma yana aiki in an iya riƙe shi, kuma tsotson alewa ɗaya bayan ɗaya tun safe har la'asar shi ne ke cinye haƙori, ba wata tsutsa ba. Akwai kuma wata lakca da nake ji da ita, wadda nake koya musu yadda za su bambance yaron da ya faɗi da yaron da aka daka. Ina ce musu wanda ya faɗi za ka ga ƙurjewa a hanci, ko a haɓa, ko tafin hannu da gwiwa, in ka ga baki kaɗai ya fashe sauran jiki lafiya lau, to ka sallami babban da ya kawo shi waje, ka tambayi yaron shi kaɗai, kuma ka rubuta abin da idonka ya gani ko ɗan waye. Da bakina nake faɗar haka, har ina buga tebur.

Ina da ɗa mai shekara goma, sunan mahaifina marigayi ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Gaskiya yaron nan na mai da shi abin alfahari. Duk shekara in lokacin firaktikal ya zo sai in ɗauko shi daga gidanmu a Takur in ɗora shi a kujera, in ce wa ɗalibai ku leƙa ku ga bakin da aka kula da shi, ko ɗigon baƙi babu. Har ƙaramin malam suke ce masa. A gida kuwa duk Asabar da safe sai ya tsaya gabana ya wangale baki, in haska da wata tocila ta ƙarfe da nake ajiyewa don haka. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ni mutum ne mai zuciya, hannuna yana da sauri, da dorina aka raine mu a makarantar allon mahaifinmu a Miga, ban taɓa ɗaukar duka wani abu ba.

Da aka yi dogon hutu sai ya tafi Miga wajen mahaifiyata, ya yi mako biyar. Asabar ɗin farko da ya dawo na haska bakinsa, sai ga kogo baƙi ƙirin a turminsa na ƙasa, haƙorin nan da yake fitowa a shekara shida wanda ba a sake samun wani in ya tafi, wanda nake kwashe mako biyu cur ina koyar da yadda za a kare shi. Kaina ya yi zafi. Na tambaye shi ko yana shan zaƙi, ya rantse min ba ya sha. Na jawo jakar Islamiyyarsa na zazzage, gullisuwa da alewar madara suka zubo a ƙasa, wasu har sun manne a jikin littafinsa. Na ce ya sake buɗe bakin in gani, ya buɗe. Zan iya ce muku ban san lokacin da hannuna ya tafi ba, amma ƙarya ne, na sani sarai. Da hannun da ke riƙe da tocilar na kai masa, kuma bakinsa a buɗe yake saboda ni na ce ya buɗe.

Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Haƙorinsa na gaba na sama ya gutsure, ɓarin ya faɗi kan siminti, 'yar tsokar nan da ta haɗa leɓen sama da dasashi ta yage, jini ya wanke masa gaban riga. Bai yi kuka nan take ba, tsayawa ya yi yana kallona da baki a buɗe kamar yana jira in ce ya rufe. Mahaifiyarsa ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta fizge shi ta maida bayanta, ta ce wallahi in na ƙara taku ɗaya sai ta karya min hannun nan, kuma na ga a idonta za ta aikata. Ni da nake koya wa mutane cewa in haƙori ya karye a tsoma ɓarin a madara a garzaya asibiti, tsaye na yi da tocila kamar gunki, ita ce ta tsinci ɓarin ta ƙulle a gefen zaninta. Daga baya na danna masa auduga jinin ya tsaya. Ban kai shi asibiti ba, don duk ma'aikatan ɓangaren haƙori sun san ni, rabinsu ni na koyar da su. Na ce wa mutanen gida duk wanda ya tambaya a ce daga keke ya faɗo.

Washegari yayan matata ya taso daga Limawa, ashe ta gaya masa. Ko sallama bai yi ba, a ƙofar gida ya ci kwalata ya haɗa ni da bango, ya ce ɗan mutane zan kashe a kan alewa. Ni ma maimakon in sunkuyar da kai sai na kai masa naushi, muka kama kokawa muna birgima a ƙasa kamar yara, ya fasa min leɓe, na yaga masa riga har ƙasa, sai da maƙwabta suka raba mu da ƙyar. Har ya hau babur yana cewa in ya ƙara ganin ko ƙwarzane a jikin yaron zai zo ya ɗauke shi, in kai ƙara duk inda na ga dama. Abba yana leƙe ta bayan ƙyaure yana kallon komai.

Bayan mako uku jarrabawar firaktikal ta zo. Tsarinmu shi ne a kawo yara, a yi ƙuri'a, kowane ɗalibi ya duba yaron da ya faɗo masa ya cike fom, ni in ba da maki, sannan fom ɗin ya wuce ofishin shugaban sashe. Matata ta ce kada in tafi da Abba, na ce in ban kai shi ba ne ma za a yi ta tambaya. A raina na ce raunin ya warke, zan ce ga misalin faɗuwa daga keke, shi ke nan. Kun ga irin rainin hankalin da na yi wa ɗaliban da ni na koyar.

Ƙuri'a ta faɗa kan wata ɗaliba, ita ce za ta duba Abba, bari in ce mata Rukayya duk da ba sunanta ba ne. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye, ba ta da surutu, amma duk abin da na faɗa a aji sai ta rubuta. Ta sa safar hannu, ta ɗaga leɓen Abba, ta ga tabon, ta ga haƙorin ya fara yin duhu alamar jijiyarsa tana mutuwa. Na ce mata keke ne. Sai na ga ta juya tafin hannunsa ta duba, ta dubi haɓarsa, ta dubi gwiwa. Ni kuma don in katse ta sai na miƙa hannu zan gyara fitilar da ke saman kujera. Jama'a, hannuna yana ɗagawa yaron nan ya datse baki, ya rufe fuska da hannu biyu, ya dunƙule a kujerar. Sai Rukayya ta ce, cikin ladabi, «Malam, don Allah ka ɗan ba mu wuri.» Dokata ce ta karanta min, a gaban aji, ba yadda zan yi, na fita ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tattara fom na karanta nata. Ta rubuta an ce faɗuwa ce daga keke amma raunin bai yi kama da faɗuwa ba, yaron yana tsoron hannun babba, ta tambaye shi launin kekensa ya kasa faɗa, tana ba da shawara a binciki gida kuma a gaggauta duba haƙorin. Gaskiyarta, Abba ba shi da keke. Tun bara na yi masa alkawari ban saya ba.

Na kira ta ofis na rufe ta da faɗa. Na ce ita wace ce da za ta yi min ƙazafi, na ce ta ɗauki sabon fom ta rubuta abin da aka gaya mata ko ta maimaita shekara. Har na wurga kofin shayi ya tarwatse a bango kusa da kanta, ruwan ya ɓata mata hijabi. Hawaye yana zuba, amma ba ta ɗauki sabon fom ɗin ba. Ta ce ita ba ta rubuta sunan kowa ba, abin da ta gani ta rubuta kamar yadda na koya musu, kuma in ta goge wannan ba ta san abin da za ta rubuta ba ranar da aka kawo mata ɗan wani. Ta ce in kayar da ita in na ga dama, Allah yana gani. Ta durƙusa ta tsince fasassun kofin ta zuba a kwando, sannan ta fita.

Yanzu fom ɗin yana cikin jakata, Litinin zan miƙa. In na ba ta makin da ta cancanta, kuma wallahi ita ta fi kowa, shugaban sashe zai karanta, zai kira ni, maganar za ta zaga makaranta, ƙila a karɓe darasin, ƙila aikin ma gaba ɗaya, kuma ba ɗalibin da zai ƙara sauraron lakcata bai yi dariya a ciki ba. In na ce ta yi kuskure na kayar da ita, ba wanda zai musa min, ni ne malami, sai ta maimaita shekara saboda ta yi abin da na koya mata. Na ɗauki biro ya fi sau goma ina ajiyewa.

Abin da ya hana ni sukuni ma ba fom ɗin ba ne. Ranar jarrabawar, da muke komawa gida, Abba yana bayana a kan babur, ko riƙe ni bai yi ba, ƙarfen baya ya riƙe. Muna shiga layinmu sai na ji ya matso kusa da kunnena ya ce, «Baba, ban gaya mata ba. Sau uku ta tambaye ni, na ce keke ne. Na yi daidai ko?»

Ban ba shi amsa ba har yau, kuma na ga yana jira. Jiya dasashin ya fara kumbura a saman haƙorin da ya karye, na ce ya buɗe in gani, ya ƙi, ya ce sai dai in kai shi wajen antin nan ta makaranta. Don Allah 'yan uwa, wane maki zan rubuta wa yarinyar nan, kuma me zan ce wa ɗana, ya yi daidai ko bai yi ba?