Mahaifiyata Tana Mayar wa Sabon Murhu Toka

Malama Ortensia,

Ina neman shawararki a kan abin da na kasa faɗa wa kowa. Ba al'adata ba ce kai zancen gida jarida, kuma sau uku ina yaga wannan takarda.

Ina koyarwa a birnin Bologna na Italiya. Mahaifiyata, mai shekara saba'in da tara, tana zaune ita kaɗai a ƙauyenmu na tsaunukan Abruzzo. Bara ta faɗi wajen ɗauko itace, sai yayata Graziella ta dage a maido ta birni. Ni na hana, domin na san rabuwa da gidan nan zai karya ta. Na sa aka kafa mata murhun pelet, irin mai cin ƙwayoyin dusar katako yana kunna kansa, na tabbatar wa Graziella cewa an rabu da haɗari.

Ranar Lahadin da ta wuce na isa da safe, na tarar da hayaƙi a ɗakin girki, gilashin murhun ya yi baƙi ƙirin. Ƙwayoyin sun taru a kaskon wutar ba su kama ba, daga baya suka kama lokaci guda da ƙara. Da na bincika, ashe tun Nuwamba ba a share kaskon ba. Abin bai tsaya nan ba. Kullum da yamma takan ɗebi toka ta lulluɓe shi, yadda ta saba rufe garwashi a tsohon murhu don ya kai safe. Na yi mata bayani a hankali. Ta ce, “Kai da digirinka za ka koya mini wuta? Shekara sittin ban taɓa roƙon garwashi a maƙwabta ba, Farfesa.”

Na share na dawo, ban gaya wa Graziella ba. Idan ta ji, kafin Kirsimeti Mama ta bar gidanta. Idan na yi shiru, ban san abin da zan tarar wata Lahadin ba. Sau nawa ya kamata a share murhun nan, kuma tsohuwa za ta iya? Ko kuwa ni ne na yi kuskure tun farko?

Wani ɗa mai nisa da gida

*

Malam,

Ba ka yi kuskure da sayen murhun ba, amma kada a sake kunna shi sai gwani ya zo ya buɗe shi, ya duba bututun hayaƙin. Kafin nan mahaifiyarka ta yi amfani da hitar lantarki, ko ta kwana biyu a wurin maƙwabta. Ka sa na'urar da ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru a ɗaki.

A irin sanyin tsaunukanku, kaskon wutar kullum ake share shi, bayan ya huce sarai, har sai an ga ramukansa. Aikin minti biyar ne. Akwatin toka da gilashi, sau ɗaya a mako. Babban gyara, sau ɗaya a shekara, ko fiye idan ana ƙona pelet da yawa. Takardar bayanin da ta zo tare da murhun ita ce alƙali.

Graziella kuwa, kira ta yau. Tsoronta yana da dalili, kuma uwar ta ku biyu ce. Ka je mata da gaskiya tare da tsari: ranar zuwan gwani, maƙwabcin da zai riƙa leƙawa, Lahadin da za ka riƙa zuwa da tata. Ku yanke cewa idan abin ya sake faruwa, Mama za ta yi watannin sanyi a birni, ta koma da bazara.

Sannan ka daina yi wa mahaifiyarka lacca. Matar da ta shekara sittin tana riga kowa tashi don duba wuta ba aiki take gudu ba. Aikinta aka karɓe, aka ce na'ura ta isa. Ka mayar mata da shi. Gwanin ya nuna mata, ba kai ba, ya danƙa mata burushin a hannunta. Tokar kuma ta tara wa lambunta.

Kana kiran ta kowace safiya, ina fata. Maimakon ka tambaye ta ko ta sha magani, tambaye ta yadda ta sami wutarta.

Allah ya sa ta ga bayan sanyin bana lafiya, a ɗakinta.

Ortensia